Yadda za ka tsare katin ATM mai biya ba tare da PIN ba

Shekara huɗu ke nan ina sana'ar POS a kasuwar Gusau, kuma yawancin masu miƙo mini kati ba su san abin da ke cikinsa ba.

Fara da duba katinka. In ka ga wasu layuka huɗu lanƙwasassu kamar alamar wayfai, to akwai siririyar eriya a ciki. Ba ta da batir. Na'urar POS ce ke ba ta wuta in an kusanto da katin, kamar santimita 4. Babban Bankin Najeriya a 2023 ya ƙayyade irin wannan biya, wato ta ɗora kati a kan na'ura ba tare da PIN ba, a kan naira 15,000 a lokaci ɗaya, 50,000 a yini. Abin da ya wuce haka sai an tantance ka.

Mutane na tsoron wani ya goga na'ura a aljihunsu cikin cunkoso. Yana yiwuwa, amma ni abin da ya fi damuna shi ne katin da ya faɗi, domin wanda ya tsinta ba ya buƙatar PIN. Saboda haka ka kunna alat na saƙon waya, ka kuma ajiye lambar toshe katin bankinka tun kafin ranar ɓata.

Kada ka ba mai POS katin, ko da ni ne. Karanta adadin kuɗin a fuskar na'ura, sannan ka ɗora da hannunka.

Aljihu kuwa, naɗe katin da takardar alminiyam ya wadatar, tana tare siginar. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko ya huda katinsa da ƙusa don ya kashe eriyar. Na ce, "Baba, bari, sai ka lalata shi gaba ɗaya."