Yadda sabbin ma'aurata za su yi tanadin abincin shekara da kaka a Damagaram

Daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba hatsi ya fi araha a ƙasar Damagaram, daga Yuni zuwa Agusta kuma ya fi tsada. Gidan da ya gane wannan ya sayi abincinsa da kaka, shi ke cin tuwo hankali kwance lokacin da wasu ke awon tiya ɗaɗɗaya da damina. Sai dai sabbin ma'aurata sukan yi asara ta hanya uku: su saya ba lissafi, su ajiye hatsin bai bushe ba, ko su bar buhu a buɗe kowa na ɗiba. Ga yadda ake kauce wa ukun.

Mataki na farko: a san abin da gidan ke ci

Kafin a taka kasuwa, amarya ta yi mako guda tana lura da abin da take ɗiba. Ba ƙiyasi ba, awo. Tiyar gero tana kai kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma yana cin tiya 40. Mutum biyu baligai da ke shan fura da rana su ci tuwo da dare sukan ci kusan rabin tiya a yini. Tiya 15 ke nan a wata, 180 a shekara, wato buhu 4 da rabi. Gidan da ke cikin gari, a Birni ko Zango ko Sabon Gari, inda ake sirka tuwo da shinkafa da taliya, buhu 3 na gero da dawa na iya kai shi. Wake kuwa tiya 15 zuwa 20 ya ishi mutum biyu, sai in amarya na sana'ar ƙosai ko ɗanwake.

A kan wannan lissafi a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Gidan sabon aure ba ya rabuwa da baƙi: ƙannen miji da ke lakwal a gari, ƴan uwan amarya da suka zo ganin ɗaki, almajirin da ke karɓar saura. In kuma amarya na da ciki, a sa kunun jego da abincin suna cikin lissafin tun yanzu.

Wanda ya yi noma yana da abu biyu da zai fitar kafin ya kira sauran nasa. Na ɗaya zakka, in amfanin ya kai nisabi, wato wasaƙi 5, sa'i 300: gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wadda aka yi wa ban ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin. Na biyu bashin hatsin da aka ci da damina. Bayan haka a ware iri na baɗi, zangarniya mafi tsawo da cika, a rataye ta daban inda hannun mai girki ba zai kai ba.

Mataki na biyu: saye

Ma'aikacin da ke jiran albashi kada ya ce sai ya haɗa kuɗin duka. A raba sayen wata uku: gero a Oktoba, wake a Nuwamba, dawa a ƙarshen Nuwamba ko Disamba, don ita ce ke nuna daga baya. Oktoba wata ne mai nauyi saboda komawar yara makaranta, amma wanda ya jinkirta har bayan sabuwar shekara zai tarar manyan ƴan kasuwa sun cika sito, farashi ya fara hawa. In amarya na cikin adashi, ta roƙi kwasarta ta faɗo a wannan tsakani.

Kasuwar Dole tana cika ran Alhamis, ta Mirriya ran Lahadi. A kasuwannin karkara tiya ta fi sauƙi, amma a haɗa da kuɗin mota da na dako kafin a ce an ci riba. Buhu ɗaya tak bai cancanci tafiyar ba, sai in maƙwabta uku ko huɗu sun haɗa kuɗin mota.

Kada a sayi buhu a ɗinke. A sa a zazzage shi, a auna tiya-tiya a gaban mai saye, cikin buhun da ya zo da shi. Nan ake kama yashi da tsakuwar da ke kwance a gindin buhu, nan kuma ake gane tsohon gero da aka gauraya da sabo. Sabon gero yana da sheƙi da ƙanshin gona. Na bara ya dushe, in ka cusa hannu ka zaro za ka ga gari a yatsunka, wani lokaci har da zare-zare irin na tsutsa. Araha ba ta ado: geron da aka karya wa farashi fiye da na kowa, a duba shi sau biyu.

Wake sai an kai shi kusa da ido. A ɗebo cikin tafin hannu, a fita da shi rana. Rami a jikin ƙwaya kowa na gani. Abin da ake tsallakewa shi ne ɗan farin ɗigo, ƙarami ƙwarai, manne a bayan ƙwayar: ƙwan ƙwaro ne. Tun a gona ƙwaron ke hawa wake, saboda haka ko waken da ya fi kowane kyau a ɗauka yana ɗauke da shi.

Akwai abin da ba a saye da kaka. Tumatir da albasa suna tsada a wannan lokaci, arahar tumatir sai cikin sanyi, ta albasa sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Kauɗar shekara a bari sai lokacin.

Mataki na uku: shanya

Sabon hatsi yana zuwa kasuwa da sauran danshi, musamman na farkon Oktoba. A baza shi kan tabarma ko tamfol, ba kan ƙasa ba, kaurinsa kada ya wuce yatsu uku, ana motsa shi, kwana biyu zuwa uku. Da la'asar a kwashe, don raɓar asuba na mayar da aikin baya. In aka ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, ta bushe. In ta lotsa ƙarƙashin haƙori, da saura.

Mai son tabbaci ya yi gwajin gishiri. A sami kwalbar gilashi busasshiya, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a ƙara cokali 2 na gishirin da aka riga aka busar a rana, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bar ta minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, danshin hatsin ya yi yawa, a mayar da shi rana. Hatsin da aka rufe da danshi yakan yi zafi a ciki, ya yi fumfuna, tuwonsa ya yi wari. A gyaɗa da masara abin ya fi muni, don fumfunarsu na haifar da guba mai lahani ga hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Gyaɗa a bar ta cikin ɓawonta, a tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yamutse a zubar, kada a ba kaji ma.

Mataki na huɗu: rufe wake

Nan ne yawancin asarar take. Waken da aka bari a buhun zare kawai, cikin wata uku zuwa huɗu zai koma ramuka da gari. Maganin shi ne a hana ƙwaron iska.

Hanya mafi inganci ita ce buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Nijar tun 2007 tare da cibiyar binciken noma ta INRAN. Leda biyu ne masu kauri cikin buhun zare ɗaya, akwai mai kilo 50 da mai kilo 100. Kafin a zuba komai, a cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta, a matsa. In iska na fita, ledar ta huje, ba ta da amfani. A zuba ɗan wake a leda ta farko don ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa su biyun cikin buhun zare, sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa don kada a bar gurbi. A bar wajen taƙi guda a sama. A danne iskar da ta rage ta fita, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure tam da igiya ko robar tayar keke. Haka za a yi wa ta biyu ita kaɗai, haka buhun waje shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tattara bakin uku a ɗaure lokaci guda. Wani kuskuren, a zuba wake da guntayen kara da ɓawonsa a ciki, su huda ledar. A sheƙe shi sosai tukuna.

Bayan an ɗaure, kada a buɗe har wata biyu. Ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye iskar su mutu. Duk buɗewa sabuwar iska ce. Shi ya sa ake ware waken cin wata biyun farko a wani mazubi kafin a rufe babban buhu.

Ga gidan mutum biyu, bido ma ya fi dacewa. Bidon man girki mai lita 20 ko 25, a wanke shi da sabulu, a kife shi a rana har ya bushe ƙarau, a cika shi da wake har wuya ana bubbuga shi a ƙasa, a shimfiɗa leda a baki sannan a murɗa marfi. Amfaninsa, ana buɗe ɗaya a cinye, sauran na rufe. Bidon da bai cika ba ba ya aiki, iskar da ke samansa ta ishi ƙwaro rayuwa. Wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki kuwa, ko an wanke shi sau goma, ba na abinci ba ne.

Wanda bai sami ko ɗaya ba, hanyar iyaye na nan: tokar murhu da aka tankaɗe, awonta daidai da awon wake, a gauraya a tulu, a rufe sama da wani kaurin toka. Tana aiki ga wake kaɗan. Ganyen dogon yaro da barkono suna rage ɓarna, amma kada a dogara da su shekara guda.

Ƙwayar gas da ake sayarwa a kasuwa, wadda ake naɗewa a tsumma a cusa cikin buhu, kada ta shigo gidan da ake kwana. Hayaƙinta na ratsa buhu da ƙofa, yana kashe mutum cikin barci, yara sun fi saurin tafiya. Ma'auratan da ke zaune ɗaki ciki da falo, buhu na bayan gado, su ne suka fi kowa shiga wannan haɗari. Haka nan ba a barbaɗa maganin feshin gona a kan abin da za a ci.

Mataki na biyar: wurin ajiya

Gero ya fi wake haƙuri. Wanda ke da rumbu ya bar shi a dami, zangarniya na daɗewa fiye da wanda aka sussuka. A cikin gari kuwa, buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera bulo huɗu, a ɗora katako, a bar tazarar tafin hannu tsakanin buhu da bango, saboda gara da danshin damina. A share ƙarƙashin kowane mako, a nan ake fara ganin kashin ɓera ko hanyar gara. Ɓera na huda ledar PICS, rami ɗaya kuma ya isa. Kada a haɗa sabon hatsi da ragowar na bara a wuri ɗaya.

Kada a kai gero da yawa inji. Da zarar an surfa shi an niƙa, man da ke cikinsa na sa garin ya yi ɗaci cikin kwanaki kaɗan. Niƙan kwana uku zuwa huɗu ya isa.

Kayan miya aikin amarya ne, kuma kaka ce lokacinsu. Kuɓewa a yanka ta sirara a shanya kan faifai. Ganye kuwa, kuka da lalo da tafasa da yakuwa da zogale, a inuwa mai iska ake busar da su, rana na cinye korensu. A rufe da yadi mara kauri in hunturu ya fara tada ƙura. A ajiye su a gwangwani mai marfi, a riƙa daka na mako-mako, don dakakken ganye ya fi saurin rasa ƙanshi. Wanda ke kiwon rago ko tunkiya ya sayi harawa yanzu ya ɗora a kan rufi ko rumfa, da rani kuɗinta kan ninka.

Mataki na ƙarshe: a yi magana tun buhu na cike

Abin da ke ƙarar da hatsi kafin damina sau da yawa ba ƙwaro ba ne. Inna ta aiko a ba ta tiya biyar, maƙwabciya ta zo aro, mai gida ya matsu da kuɗi ya ɗebi rabin buhu ya kai kasuwa, amarya ta sayar da tiya biyu ta yi biki. Kowannensu na ganin ɗan kaɗan ya ɗiba. Gyaran shi ne a ware buhun kyauta tun ranar farko, iyayen miji da na mata duka a cikinsa, in ya ƙare ya ƙare. Maganar ba ta da tsawo, amarya ta ce wa mai gida: "Malam, wannan na Inna da Baba ne da masu aro, wancan ukun ba mai taɓa su sai mun zauna." Shi kuma ya amsa a kan haka, har da kansa.

A rubuta wata a jikin kowane buhu da gawayi ko alli: wannan na Janairu zuwa Maris, wannan na Afrilu zuwa Yuni, na ƙarshe na damina. Farkon kowane wata a auno tiya 15, ko abin da lissafin gidan ya nuna, a zuba a roba mai marfi a ɗakin girki, a ɗaure babban buhu. In robar ta ƙare kafin 25 ga wata sau biyu a jere, lissafin farko ya gaza, a sayo cikon a Janairu tun farashi bai yi nisa ba.