Yadda za ka yi rajistar domen da sunanka, ba da sunan yaron da ya haɗa maka shafi ba

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani Alhaji ne mai sayar da shadda da leshi a Balogun ya zo shagona a Ikeja ransa a ɓace, shafinsa ya rufe, imel ɗin kasuwanci ya daina shiga, yaron da ya haɗa masa shafin shekara uku da suka wuce kuma ya ce sai an ba shi kuɗi masu kauri kafin ya saki sunan. Alhaji sai cewa yake ai ni na biya, ga rasit. Na ce ranka ya daɗe mu duba tukuna. Rasit na aikin haɗa shafi ne, domen ɗin kuwa da sunan yaron da imel ɗinsa aka yi rajista. Su kamfanin rajista ba ruwansu da wanda ya tura kuɗi, wanda sunansa ke gurbin mai mallaka shi suka sani. Ba zan tsaya bayanin mene ne domen ba, sunan nan ne dai da ake bugawa a shiga shafinka.

Da farko zaɓen suna. In kwastomominka 'yan Najeriya ne ka ɗauki .com.ng kawai, ya fi araha kuma da naira za ka biya. NiRA ce ke kula da duk wani suna mai ƙarewa da .ng, an kafa ta a 2005, ofishinta na nan Legas wajen Iponri, amma ba ta sayar maka kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin da ta amince da su, jerinsu na shafinta, ka duba kafin ka ba kowa kuɗi. Shi .com kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da shi, farashinsa dala yake bi, duk ranar da naira ta yi tari sai ka ji a jikinka. Sunan ya zama gajere, ban da ƙaramin layin nan na tsakiya (-), kuma ka manta da ƙ da ɗ da ɓ, rubuta k da d da b, don ba wanda zai tsaya neman harafi mai lanƙwasa a waya.

To ga inda ake faɗuwa. Akawun ɗin da ake buɗewa a kamfanin rajista kai za ka buɗe shi da hannunka, ko da ba ka iya ba, ka sa yaron ya zauna kusa da kai yana nuna maka amma wayarka ce a hannu, imel ɗinka ne, fasawod kai ka sa kuma ba ka faɗa masa ba. Zai ce maka Alhaji bari in sa a akawun ɗina ya fi sauƙi, ina da rangwame. Ka ce a'a. Wallahi da yawansu ba da mugun nufi suke yi ba, lalaci ne kawai, amma gobe ya samu biza ya bar ƙasar, ko wayarsa ta faɗi a danfo, ko kuka saɓa kan cikon kuɗi, shi ke nan rumfarka ce amma makulli na aljihun wani. Wajen cike fom akwai gurbin mai mallaka, akwai na mai gudanarwa, da na mai aikin fasaha, da na mai biyan kuɗi. Na mai mallaka sunanka ko sunan kamfaninka daidai yadda yake a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yaron in ya matsa a sa shi a gurbin fasaha, ya ishe shi. Abin da yake buƙata don aikinsa bai wuce a nuna wa domen ɗin inda shafin yake ajiye ba, layi biyu ne zai turo maka ka liƙa a akawun ɗinka, minti biyar.

Imel ɗin da za ka sa kada ya zama na domen ɗin kansa. Na ga wanda ya yi haka, domen ya mutu, imel ya mutu tare da shi, saƙon canza fasawod kuma can ake turawa, ya zauna yana kallon allo. Sa Gmail ɗinka na kullum. Lambar waya ma ka sa layin da kake amfani da shi, ba wani sim da ke cikin durowa ba, ka san in layi ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani na sake sayar da shi ga wani. In .com ne za su turo saƙon tabbatar da imel, kana da kwana 15, in ba ka danna ba su dakatar da sunan. Sannan kar ka dogara da WHOIS, wurin duba bayanan mai domen a intanet, wajen gane sunan wa ke kai, tun 2018 yawancin bayanan a ɓoye suke, shiga cikin akawun ka gani da idonka.

Sai sabuntawa. Domen haya ce ba saye ba, shekara-shekara ake biya. Ni dokata in kana da hali ka biya shekara uku ko biyar lokaci guda ka huta, .com har goma ana yi. Kar ka yarda da biya ta atomatik, katin ATM na ƙarewa ba ka sani ba. In .com ya ƙare akwai 'yan kwanakin lamuni da ba sa wuce 45, wani kamfanin ma bai kai haka ba, sai kwana 30 na fansa da tara mai zafi, sai kwana 5 a sake shi kasuwa, kuma akwai masu zaman jiran irin wannan su cafke.

In kuwa ya riga ya shiga hannun wani, fara da sulhu, shi ya fi araha. Buɗe akawun naka, ka ce ya cire makullin da ke hana domen ƙaura ya ba ka lambar sirri ta ƙaura da ake kira EPP, da ita za ka jawo sunan wajenka, sai dai .com ba ya ƙaura cikin kwana 60 na farko bayan rajista. In sulhu ya ƙi, akwai tsarin warware rigimar domen mai suna UDRP da ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunayen intanet, ta kawo a 1999, ana kai ƙara WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, a Janiba, dala 1,500 kuɗin shigarwa ban da na lauya, kuma sai ka nuna abu uku, sunan ya yi kama da tambarin kasuwancinka, wanda ke riƙe da sunan ba shi da haƙƙi a kai, kuma da mugun nufi ya yi rajista yake amfani da shi. Takardar CAC ba rajistar tambari ba ce, wannan ofis daban ne a Abuja. Rigimar .ng kuma NiRA na da nata tsarin. Shi Alhajin Balogun da muka buga lissafi, dattawa ya tura aka sasanta, ya biya rabin abin da yaron ya nema, ranar da lambar ta zo muka jawo sunan, muka canza fasawod, muka kulle domen, muka biya shekara biyar.