Yadda Ake Rubuta Insha'in Turanci Da Mai Karatu Zai Gane: Abin Da Na Kwaso A Ajinmu Na Yamma

Na gama digiri, na gama bautar ƙasa, kuma ni a ganina Turanci ba matsalata ba ce tunda tun sakandare ni ake turawa muhawara. Da na fara neman gurbin karatun digiri na biyu a waje sai ga shi kusan ko'ina suna neman sakamakon IELTS, wato jarrabawar da ake gwada ƙwarewar mutum a Turanci, shine na shiga wani ajin Turanci na manya da ake yi da yamma, sau uku a sati, mu goma sha wani abu ne, akwai nas-nas guda biyu da wani injiniya da mu 'yan neman sikolashif. Insha'in farko da na rubuta na zuba duk wata babbar kalma da na sani, shafi biyu cif. Malama ta dawo min da shi jawur da jar biro, a ƙasa ta rubuta tambaya ɗaya tal: to kai mene ne ra'ayinka? Wallahi ranar ban ji daɗi ba, na koma gida na karanta abina sau uku, kuma gaskiyarta ne, ni kaina ban ga inda na faɗi matsayata ba.

Abin da zan jero anan shine yadda ta koya mana rubutun daga farko har ƙarshe, da misalin IELTS zan yi dan shi muka fi yi, amma ko WAEC kake shirin yi ko furojet ko wasiƙar neman aiki hanyar ɗaya ce.

Da farko ka san filin da kake ciki. Jarrabawar IELTS kashi huɗu ce, saurare da karatu da rubutu da magana, makin kuma daga 0 zuwa 9. Rubutun awa ɗaya ne, aiki biyu: na farko aƙalla kalma 150 a kamar minti 20, na biyu shine insha'in, aƙalla kalma 250 a minti 40, kuma nauyinsa ya ninka na farkon a maki. Abu huɗu mai duba takarda yake kallo, ko ka amsa tambayar da aka yi, ko maganarka a jere take tana bin juna, yadda kake zaɓen kalmomi, sai nahawu. Ka lura fa, rabin makin kenan ba ruwansa da yawan Turancin da ka haddace, tunani ne da tsari.

Mataki na farko, ka karanta tambayar har sau biyu da biro a hannu kana jan layi. Mu ɗauka an ce: wasu na ganin ya kamata gwamnati ta fi kashe kuɗi kan layin dogo a kan tituna, ka yarda ko ba ka yarda ba? Yawancinmu da mun ga kalmar jirgin ƙasa sai mu hau ba da tarihin sufuri da amfaninsa ga al'umma, alhali ba wanda ya tambaye mu wannan. An tambaye ka ne ina kuɗin ya kamata ya fi tafiya, kuma an ce ka ɗau ɓangare. Akwai tambayar da za ta ce ka tattauna ɓangarori biyu sannan ka faɗi naka, akwai ta amfani da illa, akwai ta matsala da mafita, kowacce da irin amsarta, in ka amsa wata a madadin wata ko Turancinka ya kai na Sarkin Ingila maki ya riga ya zube.

Na biyu, minti biyar kar ka rubuta komai a takardar amsa. Wannan shine ya fi ba ni wahala dan kana jin na kusa da kai biro na ta gudu kai kuma kana zaune, sai ka ji kaman an tafi an bar ka. A gefen takardar tambaya za ka rubuta matsayarka a jimla ɗaya, misali na fi goyon bayan layin dogo tsakanin manyan birane amma ƙauyuka titi suke buƙata, sai dalilai biyu a ƙasa, kowanne da misalinsa. Biyu sun isa. Malama takan ce dalili biyu da aka dafa suka nuna sun fi biyar ɗanye. Kuma wannan tsarin ba laifi ka yi shi da Hausa a kanka, ni har yanzu da Hausa nake tunanin hujja dan a nan kaina ya fi kaifi, abin da ba a so shine ka ƙera cikakkiyar jimla da Hausa sannan ka bi ta kalma-kalma kana juyawa, nan ne ake samun Turancin da Bahaushe ne kaɗai zai gane shi.

Sai gabatarwa, kuma anan nake so in daɗe dan anan ne al'adarmu take shigowa. Mu in za ka roƙi abu wajen babba ba ka faɗa kai tsaye, sai an gaisa, ya gida ya iyali ya gajiya ya ƙoƙari, a ɗan zagaya, sannan a ƙarshe ka ce dama wata 'yar magana ce ta kawo ni. Wannan ladabi ne kuma ina son sa, ba zan taɓa cewa aibu ba ne. Amma rubutun Turanci na makaranta ba haka yake tafiya ba, abin da ka zo da shi shi ake fara ajiyewa a gaba. Shi ya sa muke buɗewa da su "since time immemorial" da "it is a well known fact that", muna gaisuwa ne a takarda ba mu sani ba. Malama ta sa mu ɗauki tsofaffin rubutunmu mu soke duk jimlar da in an cire ta ba abin da ya ragu, ni nawa sakin layin farko gaba ɗaya ya tafi, layi tara. Abin da ake so jimla biyu ne ko uku: ka maimaita batun da kalmominka, ka faɗi inda ka tsaya. Shikenan, ka wuce.

Daga nan kowane dalili sakin layinsa daban. Jimlar farko ta faɗi dalilin, ta biyu da ta uku su yi bayanin me ya sa haka, sai misali na zahiri, sannan ka ɗaure shi da tambayar. A maganar jirgin nan na rubuta cewa jirgi ɗaya yana kwasar mutanen da sai motoci da yawa za su ɗauka, na kawo layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, yadda ma'aikaci zai iya fita da safe ya dawo a ranar. Wannan misalin guda ɗaya ya fi min duk "to mention but a few" ɗin da nake liƙawa a da. Kar ka ƙirƙiro alƙaluma dan ka burge, ba a buƙata, abin da ka gani da idonka a garinku ya wadatar in dai ya dace da hujjar. Kalmomin haɗi kuma irin su "however" da "moreover" kamar gishiri ne a miya, ba kowace jimla ake barbaɗa wa ba, akwai wani a ajinmu da ya fara jimla shida a jere da su, Malama ta karanta mana da ƙarfi ba tare da ta faɗi sunansa ba, kowa ya ji yadda abin ke tsaya wa mutum a wuya.

Kammalawa jimla biyu ce, ka sake faɗin matsayarka da wasu kalmomin, kar ka kawo sabuwar hujja.

Yanzu maganar manyan kalmomi. Mun taso muna ganin wanda ya iya Turanci shine wanda in ya yi magana sai an nemo ƙamus, a taro ana tafa masa ba wanda ya gane me ya ce. Na shigo ajin nan da wannan tunanin, kuma shi ne babban abin da aka cire min. Ranar da na rubuta "ameliorate" a inda "improve" ta isa, Malama ta kira ni gaban teburinta ta ce, ɗana, in da ƙaninka kake wa bayanin nan wace kalma za ka yi amfani da ita? Na faɗa mata. Ta ce to ita za ka rubuta. Ba wai an hana ka kalma mai nauyi ba ne, a'a, sai dai ka san da wa take tafiya. Turawa suna cewa "make a decision" ba "do a decision" ba, suna cewa "heavy rain" ba "strong rain" ba, kaman yadda mu muke cewa yanke shawara ko ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wata doka da za ta gaya maka dalili, haka masu harshen suke haɗawa. Saboda haka in za ka haddace kalma kar ka haddace ta ita kaɗai, ka ɗauko ta da maƙwabtanta a cikin jimla.

Sai tarkon da Hausa ke ɗana mana, wanda sai an nuna maka kake gani. Kalmar ji a wajenmu ta ɗauke abubuwa da yawa, kana jin magana, kana jin yunwa, kana jin wari, kana jin Larabci, to a Turanci kowanne da kalmarsa, shi ya sa za ka ji mutum ya ce "I am hearing smell". Aro ma haka, ara min da na ara duk aro ne, su kuma sun raba, mai karɓa "borrow" mai bayarwa "lend", dan haka "borrow me your pen" kuskure ne duk da kowa na faɗa. Muna shan magani ko da ƙwaya ce, su "take" suke cewa. Ina zuwa ɗinmu da muke faɗa muna fita, in ka ce wa baƙo "I am coming" ka juya baya zai tsaya yana kallon ka. Akwai kuma kalmomin da ba sa ɗaukar jam'i, "information", "advice", "equipment", "furniture", mu kuma sai mun manna musu s. Amma wanda ya fi cin makina shine "a" da "the". Hanyar da ta taimaka min ita ce na riƙa tuna bambancin wani yaro da yaron, in abu sabon shigowa ne cikin maganar ko mai karatu bai san wanne ba, "a", in an riga an san shi, "the". Bai rufe komai ba dan akwai wuraren da ba a sa ko ɗaya, amma ya rage min fiye da rabin jan biron.

Abin da za ka yi da waɗannan shine ka sayi ƙaramin littafi mai ganye 40, ka raba kowane shafi gida uku: abin da na rubuta, daidai ɗinsa, dalili. Duk kuskuren da aka gyara maka ya shiga. Bayan sati uku da na duba nawa sai na ga ashe ba kurakurai ɗari nake yi ba, guda biyar ne nake ta maimaitawa, kuma wanda ya san ɓarayinsa biyar ne ai ya san ƙofar da zai tsare. Minti huɗu ko biyar na ƙarshe a jarrabawa na waɗannan ne, ba karatun gaba ɗaya za ka yi kana jin daɗin rubutunka ba, farauta za ka yi, zagaye ɗaya ka duba s ɗin aikatau bayan "he" da "she", zagaye ɗaya ka duba "the". A gida kuma ka karanta da ƙarfi, inda numfashinka ya ƙare kafin jimlar ta ƙare to ta yi tsawo, raba ta biyu.

Duk wannan ba zai zauna ba in ba ka karatu. Dabarar da na samu kuma ba ta cin data sosai, in na saurari labarai a BBC Hausa da safe, sai in nemi labarin nan ɗin dai a shafinsu na Turanci in karanta, tunda na riga na san abin da ya faru hankalina ba ya kan fahimta, yana kan yadda suka gina jimlar, wace kalma suka zaɓa, ina suka yanke sakin layi. Minti 20 kullum, in kwafi jimla uku da suka burge ni cikin littafin nan.

Bari in ɗan taɓa magana duk da ba ita ce batun ba, dan nas-nas ɗin ajinmu ita ta fi damun su. Matsalar p da f gaskiya ce, a Hausa ba mu raba su, sai "pan" da "fan" su fito iri ɗaya. Ka riƙe 'yar takarda gaban bakinka, in ka faɗi p leɓɓa biyu su haɗu su fashe takardar ta yi tsalle, in f ce haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska ta fita a hankali. Ka ɗauki muryarka a waya minti biyu kana magana kan abu ɗaya ka saurara. Ba a ce ka koma magana kaman ɗan Landan ba, mai jarrabawa so yake ya gane ka ba tare da wahala ba.

In yau za ka fara, ka samo tambaya ɗaya, ka saita agogon waya minti 40, biyar na tsari, talatin na rubutu, biyar na farauta, kuma ka nemi wanda zai duba maka da gaske ba wanda zai ce ya yi kyau dan kar ranka ya ɓaci ba. Sati biyu bayan nan ka sake rubuta wannan tambayar dai ba tare da ka kalli ta farkon ba, ka ajiye su gefe da gefe. Ni haka na yi da ta jirgin ƙasa, ta farkon kalma kusan 400 ce, ta biyun ba ta kai 290 ba, Malama ta dawo min da ita da gyara huɗu kacal, uku daga ciki duk "the" ne, na buɗe littafina na ƙara su a shafi na goma sha ɗaya.