Yadda ake gasa kifi da gawayi a bakin tafkin Madarunfa

Mu mutanen Maradi ba mu da teku, kuma Gulbi sai da damina yake kawo ruwa. Shi ya sa in 'yan fada, wato majalisar hirar samari, suka ce za a je gashi a bakin ruwa, Madarunfa ake nufi, kilomita 20 da 'yan kai kudu da gari. Na sha ganin samari sun sauka daga babura da raga da yaji da tabarma, su koma gida da kifi baƙi ƙirin a waje, ɗanye a ciki. Duk a wajen wuta suke faɗuwa.

Gawayi daga gari za ka taho da shi. Ni in ba na ƙirya ba, ba na saye, don shi ne mai nauyi da daɗewa, shi maƙera ke nema. Ka ɗaga guntu guda ka ji nauyinsa a hannu. Mara nauyi da ke marmashewa kafin kifi ya nuna ya zama toka, sai ka ci ninki biyu, arahar ta zama tsada. Kifi kuwa a hannun masunta za ka saya, ƙarfasa mai faɗin tafin hannu. Tarwaɗa ma ana gasawa, amma kitsenta yana ɗiga ya tada harshen wuta, ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Kada ka zuba gawayi kai tsaye a kan rairayi. Rairayin bakin ruwa ko ya bushe a sama, ƙarƙashinsa da danshi, kuma zai riƙa shanye zafin garwashin daga ƙasa. Wannan ne ya kunyata ni a zuwana na farko: awa guda ina fifita da murfin tukunya, idanu sun yi ja, wani dattijon masunci yana kallona. Daga baya ya ce, "Yaro, ƙasa kake dafawa ko kifi?" Ya jawo wani guntun langa-langa ya shimfiɗa, muka kwashe garwashin a kai, nan take ya ɗauka. Tun daga ranar ba na zuwa ba tare da tsohon faranti na ƙarfe ba.

Ka tona ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya, ka sa farantin a ciki, ka tara rairayin da ka tono a gefen da iska ke fitowa. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, kuma bakin tafki babu katangar da za ta tare ta. In ka bar wutar a buɗe, gefe ɗaya zai cinye cikin minti kaɗan, toka da ƙura su hau abincin. Kananzir ko leda wajen hura wuta, wannan ba na ma son a yi maganarsa, warin ba ya barin kifi. Kara da busasshen kaba sun isa, ko ka kunna 'yan guntayen gawayi a murhun shayi ka juye su a tsakiya.

Sai haƙuri. Minti 20 zuwa 30, har harshen wuta ya mutu, farar toka ta rufe garwashin. Yunwa za ta sa wani a cikinku ya ce "Maigida, a ɗora mana haka nan." Kada ka saurare shi. Ka baza garwashin, ka tura mafi yawa gefe guda, ɗaya gefen ya zama wurin gudu in kitse ya kama da wuta. Ka ɗora raga a kan duwatsu ko bulo, ka sa tafin hannunka a samanta. In ka ƙirga biyar kafin ka janye, ta yi. In a biyu ka janye, ka ƙara ɗaga ragar.

Ragar ma sai ta yi zafi kafin kifi ya taɓa ta. Ka goge ta da rabin albasa da aka tsoma a man gyaɗa. Sabuwar wayar shinge mai ƙyalli ba ta gashi, sinadarin da aka shafe ta da shi bai dace da abinci ba.

Kifin ka tsaga shi uku a kowane gefe, ka tsane ruwansa da kyau, ka cusa gishiri da tafarnuwa da citta da attarugu, ka shafa mai. Da ka ɗora, ka cire hannunka. Kamar minti 7, fatar za ta saki ragar da kanta, a juya sau ɗaya tak. Yajin ƙuli-ƙuli sai an kusa saukewa, in ba haka ba ya ƙone ya yi ɗaci. Lemun tsami a faranti.

In kun gama, ku kashe garwashin da ruwa har ya daina huci. Wanda aka binne a rairayi yana kwashe awoyi da zafinsa, ga yaran masunta da masu kiwo suna bin wurin babu takalmi.