Yadda Ake Ɗaukar Sikirinshot a Kwamfuta da Gyara Shi Kafin a Tura

Shagon kwamfuta nake da shi a Yalwa, nan Bauchi, kuma yawancin masu shigo min ɗalibai ne: mai biyan kuɗin makaranta, mai rajistar kwasa-kwasai, mai neman a fitar masa da silif. Da yawansu idan saƙo ya fito a fuskar kwamfuta sai su zaro waya su ɗauke shi. Hoton ya fito da layuka-layuka, hasken taga ya cinye rabin rubutun, lambar da ake nema kuma ba ta karantuwa. Alhali kwamfutar da kanta tana ɗaukar hoton fuskarta tangaran, kuma ba sai an sauke wata manhaja ba.

Hanyar da na fi koya wa mutane ita ce ta maballai uku: Windows, Shift da S, a danna su tare. Maballin Windows shi ne mai zanen taga a layin ƙasa, tsakanin Ctrl da Alt. Da ka danna, sikirin zai yi duhu-duhu, wasu ƙananan alamomi su bayyana a sama. Sai ka ɗora kibiyar maus a kusurwar abin da kake so, ka danne maballin hagu, ka ja har kusurwar da ke fuskantarta, ka saki. Wannan yana aiki a Windows 10 da Windows 11.

A nan ne mutane suke yin asara. A Windows 10 hoton bai shiga wata folda ba tukuna, kwamfutar tana riƙe da shi ne na ɗan lokaci, kuma da ka kwafi wani abu ya tafi. Saboda haka ko dai ka danna ɗan saƙon da ya leƙo a ƙasa ta dama ka ajiye shi da Ctrl da S, ko ka buɗe Paint, ko Word, ko WhatsApp na kwamfuta, ka manna shi da Ctrl da V. Sabon Windows 11 yana ajiyewa da kansa, amma duk da haka ka leƙa ka tabbatar.

Idan sauri kake yi, misali ka gama biyan kuɗi, shafin ya nuna an karɓa, ga intanet tana rawa, ga batirin laftof ya kusa ƙarewa, danna Windows da PrtSc. Sikirin zai ɗan dushe ya dawo, hoton gaba ɗaya ya shiga foldar Screenshots da ke cikin Pictures. Ɗauki wannan tukuna, gyara ya biyo baya. Alt da PrtSc kuwa tagar da kake ciki kaɗai yake ɗauka, shi ma sai ka manna.

Maballin PrtSc yana can sama ta dama, bayan F12. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn kafin ya amsa. Su kuma laftof ɗin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, kibod ɗinsu ba lallai ya zama da Turancin Ingilishi ba. Na Jamus za ka ga an rubuta Druck a wannan maballi, Ctrl kuma an rubuta Strg. Aikinsu ɗaya ne. Wanda har yanzu yake kan Windows 7, Windows da PrtSc ba zai yi masa ba, don daga Windows 8 na 2012 aka fara shi. Ya danna PrtSc kawai ya manna a Paint, ko ya nemo Snipping Tool, manhajar ɗaukar sikirinshot da ke zuwa da Windows, ta Start. A Windows 10 da 11 kuwa, shi wannan Snipping Tool yana da wani amfani: ana sa masa jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi, ya ba ka damar buɗe jerin zaɓin da ke ɓacewa da zarar ka taɓa maballi.

To, sai gyara, kuma a nan nake so a tsaya a natsu.

Yankewa da sauƙi: a Paint ka zaɓi wurin da Select, ka danna Crop. Abin lura shi ne kada ka yi wa hoton yankan ƙauna. Idan shaida za ka kai, bar adireshin shafin da ke sama, bar kwanan wata da lokaci da ke ƙasa ta dama, bar lambar biyan kuɗin, kamar RRR ta Remita mai lamba 12. Ma'aikacin da za ka kai wa takarda a ofis waɗannan zai fara nema. Hoton da ya nuna kalmar nasara kawai, babu suna babu lamba, bai tabbatar da komai ba.

Idan kuma zauren WhatsApp na 'yan aji za ka tura don neman taimako, to akwai abin da dole ka rufe: NIN da BVN masu lamba 11 kowacce, lambar asusun banki mai 10, ranar haihuwa, lambar waya, da ragowar kuɗin asusunka. Ka duba har saman burawuza, don sunayen sauran shafukan da ka buɗe da imel ɗinka sukan fito. Kwanan baya wata ɗaliba ta nuna min hoton da take shirin turawa, ta shafe NIN ɗinta da alƙalamin nan mai ruwan ɗorawa. Na ce, "Ƙanwata, matso ki gani." Na ƙara girman hoton, na karanto mata lambar tun daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Yaya, ai na ɗauka na goge." Wannan alƙalami don haskaka rubutu aka yi shi, kamar labulen leshi ne, ana hango na ciki. Abin da ke rufewa shi ne ka zaɓi wurin a Paint ka danna Delete, ko ka zana akwati a kai ka cike shi da baƙi ƙirin. Snipping Tool na Windows 11 yana da Quick redact da ke rufe lambobin waya da imel da kansa, sai dai kada ka dogara da shi a kan NIN, ka bi da idonka.

Kada ka yanke hoto a cikin Word ka tura fayil ɗin Word ɗin kana zaton abin da ka yanke ya tafi. Ɓoye shi kawai aka yi, wanda ya karɓa yana iya dawo da shi. Bayan gyara kuma ka ajiye da sabon suna ta Save as. A 2023 an gano cewa a Snipping Tool na Windows 11, idan aka yanke hoto aka ajiye a kan tsohon fayil, ana iya farfaɗo da ɓangaren da aka yanke. Microsoft ta gyara wannan a watan Maris na shekarar, amma kwamfutoci nawa ne a garin nan da ba a taɓa sabunta su ba?

Wajen ajiyewa, PNG ya fi fitar da rubutu sarai. Idan shafin makaranta ya ce JPG yake so, ko ya ƙayyade girman fayil, sai ka sake ajiyewa a JPG, ko ka rage shi da Resize. Ka ba shi sunan da za ka gane bayan wata shida, kamar kuɗin-makaranta-aji-biyu, ba Screenshot da lamba ba. A WhatsApp ka tura shi ta Document, don idan ka tura a matsayin hoto ana matse shi, ƙananan lambobi su dagule. 'Yan'uwana na kasuwar Wunti da Muda Lawal kuma, tunda kun ga sauƙin gyara hoto, sikirinshot na tiransifa ba kuɗi ba ne, ku duba asusunku kafin kaya su fita.

Idan a shago irin nawa ko a kwamfutar wani ka yi aikin, kafin ka tashi ka tura hoton wayarka ko filash ɗinka, ka goge shi daga foldar Screenshots, ka shiga Recycle Bin ka sake gogewa. Sannan ka danna Windows da V. Idan an kunna ma'ajiyar abubuwan da aka kwafa, za ka ga hotonka a jere a wurin, sai ka danna Clear all. Mai shagon kirki ba zai ji haushi don ka nemi wannan ba.