Yadda Maharbi ko Manomi Zai Riƙe Bindiga ba Tare da ya Saɓa wa Doka ba

A majalisun ƙauyukanmu ana yawan kawo labarin Amurka idan zancen bindiga ya taso, musamman tun da matsalar tsaro ta fara matsowa. Gaskiya ne cewa gyara na biyu na tsarin mulkinsu, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, har wasu jihohi suka yi dokokin kare wannan haƙƙi daga takurawar gwamnatin tarayya. Jihar Mizuri ta yi irin wannan doka a 2021, amma kotun tarayya ta soke ta a 2023. To, a Najeriya ma jiha ba ta da wannan hurumi tun farko, domin tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Mun ga haka a 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Saboda haka kada wani ya dogara da cewa majalisar Kano ko ta Jigawa za ta tsaya masa idan aka kama shi.

Abu na farko shi ne mutum ya san ajin bindigar da ke hannunsa, domin dokar makamai ta 1959 ta kasa su uku. Akwai waɗanda aka haramta, wato bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da kuma ƙaramar bindiga ta hannu, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da izininsu. Wanda aka samu da ɗaya daga cikinsu babu izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Aji na biyu shi ne na bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu, wato adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma sha'aninta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne ɗaukar duk wata ƙirar gida a matsayin adaka. Idan bindiga tana cin harsashi ta baya, to ta fita daga wannan aji ko da maƙerin ƙauye ne ya ƙera ta.

Daga nan sai neman izini. Shawarata ita ce a fara daga gida, a sanar da mai unguwa da dagaci, maharbi kuma ya bi ta hannun Sarkin Baka ko ƙungiyar mafarauta ta yankinsa, domin shaidarsu kan halin mutum tana da nauyi idan 'yan sanda suka zo bincike, ko da yake ba ta maye gurbin lasisi. Sannan a je ofishin 'yan sanda na yanki a tambayi baturen 'yan sanda yadda ake cike takarda da kuma ko ana karɓar sababbin buƙatu a halin yanzu, domin a 2023 Sufeto Janar ya dakatar da ba da sababbin lasisi. Takardar kan wuce hedikwatar jiha, a Bompai ga mutanen Kano, a Dutse ga na Jigawa. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit, kuma a guji ɗan tsakiya da ke alkawarin kawo lasisi har gida.

Doka ba ta ɗauki lasisi a matsayin haƙƙi ba, ana iya hana mutum. Ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Wanda ya samu kuma, nauyi ya hau kansa. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, don haka ba a ba ɗa ko ƙane aro ya tafi gadin gona, kuma yana da wa'adin da ake sabunta shi. A ajiye ta babu ɗuri, a kulle, albarushi a wani wuri daban nesa da murhu da hannun yara. Idan ta ɓata ko aka sace ta, a kai rahoto nan take. Batun gado ne aka fi sakaci da shi: maigida ya rasu, bindigarsa ta ci gaba da rataye a turaka shekara da shekaru, alhali izininta ya tafi tare da shi. Magada su sanar da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, sannan wanda zai riƙe ta ya nemi nasa. Gyara ma a kai wa maƙerin da ke da izini, kuma a tuna cewa lasisi bai halatta farauta a gandun da aka keɓe ba, irin Falgore ko Baturiya.

Tafiya da bindiga zuwa wata jiha ita ce ta fi tayar mini da hankali, tun bayan kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, waɗanda da dama daga cikinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne. Babu wani uzuri ga waɗanda suka aikata hakan. Duk da haka, wanda sana'a ta tilasta masa irin wannan tafiya ya riƙe lasisinsa da katin ƙungiyarsa a jikinsa, ya bar kwafinsu a gida, kuma shugabannin ayarin su sanar da 'yan sanda a inda suka tashi da inda suka sauka.