Yadda za ka riƙe shugabancin ƙungiyar unguwa har ka sauka da mutuncinka

An yi zaɓe, an ce kai ne ciyaman na ƙungiyar cigaban unguwa, an shafa fatiha, kowa na ta Allah ya taya riƙo. To ɗan uwa daga gobe kai za a buga wa waya in taransifoma ta ƙone, kai za a nema in kwata ta toshe ruwa ya shiga gidan wata tsohuwa da tsakar dare. Na daɗe a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, na ga waɗanda suka sauka ana sa musu albarka, na ga kuma waɗanda har yau ba sa iya bin layin da suka shugabanta. Ga yadda nake ganin ya kamata ka bi abin.

Mataki na farko, watanka na farko ka ba kunne aiki. Ka je ka gaida mai unguwa da liman da dattawan da ke zama ƙofar gida bayan la'asar, amma kar ka tsaya nan, don su matsalar da suka sani daban ce da ta mai shago ko ɗan ga-ruwa ko matan cikin gida da ba sa zuwa mitin. Matan nan ka samu wata dattijuwa da suke jin maganarta ta tattaro maka kukansu, wallahi za ka ji abin da ba a taɓa faɗa a taro ba. Kuma in shawara ta zo daga yaro ko baƙo kar ka raina ta. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Salmanul Farisi ne ya kawo shawarar haƙa gwalalo a kare Madina, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba, Manzon Allah (SAW) ya karɓa har ya shiga haƙar da hannunsa.

Mataki na biyu shi ne kuɗi, kuma nan zan daɗe don nan ake mutuwa. Kar ka yarda ko sisin ƙungiya ya kwana a akawun ɗinka, ko da kuwa kai ka fi kowa gaskiya a unguwar. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, in da hali ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don banki zai nemi takarda, a sa mutum uku su zama masu sa hannu, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa. Ma'aji daban, sakataren kuɗi daban, kuma kar su zama 'yan gida ɗaya. Duk wanda ya bada gudummawa a ba shi risit, ko naira 200 ce. Ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, sannan a ɗau hoton takardar a tura gurup ɗin WhatsApp.

Na ga wannan da idona. Mun taɓa haɗa kuɗin gyaran wuta gida-gida, wata gwauruwa mai sayar da ƙosai ta kwance bakin zani ta ƙirgo nata da canji duk maiƙo, aka tara aka damƙa wa shugaba a hannu don an yarda da shi. Mutumin kirki ne, ba ɓarawo ba. Sai lalurar asibiti ta taso masa, ya ce bari ya ara ya mayar ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo babu, aka shiga wata na uku a duhu, ranar mitin ya kasa ɗaga kai ya kalli mutane. Daga baya ya biya duka amma ƙungiyar ba ta sake tashi ba, in ka zo da zancen karo-karo sai a ce maka an gani. Har yau abin na ci min rai, don tsari ne da mun yi shi da mun kare shi mun kare kanmu.

Ka duba Malam Aminu Kano mana. Ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan, shi ne Mambayya da Jami'ar Bayero ke kula da shi, ka je ka ga ɗan ɗakin da jagoran jam'iyyun NEPU da PRP ya rayu a ciki. Talaka ya bi shi ne saboda ya tabbata ba a kansa ake tara dukiya ba.

Na uku, duk abin da za ka ce a yi, ka riga kowa. In an sa ranar yashe kwata kafin damina, ƙarfe bakwai a same ka da shebur ka naɗe ƙafar wando, ba ka zo ƙarfe goma da farar shadda kana nuni da ɗan yatsa ba. Kuɗin wata kai ne na farko a littafi. Sayyidina Umar a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira hana kansa man shanu da nama ya yi har sai jama'a sun samu.

Na huɗu, ka ɗau aiki ɗaya ka ƙarasa shi. Sabon shugaba yakan zo da alkawari goma, burtsatse, makarantar dare, 'yan sintiri, fitilun layi, ƙarshe babu ko ɗaya. Zaɓi wanda ya fi damun mutane kuma aljihunku zai iya. Audu Bako ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, yau shekara hamsin ke nan amma manoman rani na Kura da Kadawa da ruwan dam ɗin Tiga da aka gina a zamaninsa suke noman shinkafa da tumatir, shi ya sa sunansa bai ɓace ba.

Na biyar, raba aiki ka kuma bar mutane su yi. In ka ba kwamiti abu kar ka zagaya ta baya ka yi da kanka. Wanda ya yi ƙoƙari ka ambaci sunansa a taro, wanda ya yi kuskure ka ja shi gefe ku biyu, kar ka kuskura ka yi wa magidanci faɗa a gurup yaransa na karantawa. Kai ma za a zage ka, tabbas, har wanda ka yi wa alheri. Ka kwana kafin ka mayar da amsa.

Lokacin siyasa kuma 'yan takara za su zo da kuɗi a ambulan. In gudummawa ce a kawo ta a gaban kowa a rubuta a littafi, amma kar ka yi wa kowa alkawarin ƙuri'ar unguwa, ba taka ba ce, kuma cikin membobinka akwai 'yan kowace jam'iyya.

Na ƙarshe, tun ranar da ka hau ka sa a rubuta wa'adi a tsarin mulkin ƙungiya, shekara biyu ko uku, ka jawo matashi ɗaya ko biyu suna binka wajen hakimi da ofishin ƙaramar hukuma suna ganin yadda ake magana. In lokaci ya cika ko an roƙe ka ka zarce ka ce a'a. Ka kira taro, ka kawo littafin kuɗi da bayanin banki da hatimi da makullin ofis, mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu, sannan ku je banki tare da sabon ciyaman a cire sunanka a sa nasa.